Muhawara: Da gaske ne tsohuwar kwamfuta ba ta mutuwa?

Dattijon Sharar Mansur, Makka:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ga magana na kawo, mai ja ya ja. Kwamfutocin da suka fara shiga gidaje a ƙasar nan ta Saudiyya sun fi na yanzu ƙarko, nesa ba kusa ba. Ku ɗauki Sakhr AX-170, wadda kamfanin Al-Alamiah na Kuwait ya baza a kasuwannin nan a shekarun 1980. Furosesa Z80 ce a cikinta mai gudun megahaz 3.58, RAM kilobait 64, ba fanka, ba faifan ajiya, babu wani abin da ke juyawa balle ya cinye. A ɗauko ta daga sito bayan shekara talatin, a kaɗe ƙura, a jona ta da talabijin, shuɗin allon nan zai fito ta rubuta Ok tana jiran umarni. Laftof ɗin yau kuwa, kafin shekara biyar ko batir ya kumbura ko mahaɗin murfi ya karye. Tsohuwar kwamfuta ba ta mutuwa, sai dai a yar da ita.

Mai gyara, Jidda:
Wa alaikumus salam Baba. Rabin maganarka na karɓa, amma wannan "a jona kawai" ita ce ke kashe su. Gidajen ƙasar nan a da wuta iri biyu gare su, bol 127 da bol 220, wani lokaci a ɗaki ɗaya, soket ɗin ma kamarsu ɗaya. A 2010 aka yanke shawarar komawa 230. To na'urar da aka saya don 110 ko 127, a yau in aka cusa ta a bango, sakan ɗaya ya ishe ta. Akwatin wutar tsofaffin PC yana da ɗan jan makunni a baya, gefe ɗaya 115, ɗaya gefen 230. In yana kan 115 aka ba shi 230, fiyus da manyan kafasita biyu, wato 'yan gwangwanayen da ke tara wuta a cikinsa, su ne za su fara tashi, wani lokaci da ƙara kamar an harba bindiga. Kafin komai a juya na'urar a karanta lambar da ke bayanta.

Dattijon Sharar Mansur, Makka:
Ɗana, ai wannan laifin mai jonawa ne. Ba ka taɓo ƙarkonta ba tukuna.

Mai gyara, Jidda:
To bari in taɓo shi Baba. A buɗe kowace tsohuwar PC mai furosesa 386 ko 486, a duba kusa da inda ake soka kibod. Akwai wani batir kamar 'yar ganga, sau da yawa shuɗi ko kore, bol 3.6, an liƙa shi da dalma a bod, wato babban allon da kayan cikin kwamfutar ke kai. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato shirin da ke fara tayar da kwamfutar. In ya tsufa sai ya riƙa tsiyayar da ruwa, ruwan ya bi jijiyoyin jan ƙarfen da ke bod yana ci, ya shiga ƙarƙashin aisi, wato baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da yawa, ya hau ramukan kati. Alamarsa farin gari a ƙafafun batir da kore-kore a kan jijiyoyin. Wannan ɓarna tana faruwa ne kwamfutar na kashe, tana kwance a kwali, ba wanda ya taɓa ta. A Jidda abin ya fi muni saboda laimar teku da gishiri a iska. Mai shakka ya je Haraj Sawarikh ya roƙi masu kayan gwanjo su buɗe masa 486 ya gani da idonsa.

Maganinsa: a datse batir ɗin da filaya, kada a tsaya narka dalma. Ruwan nasa ɗan'uwan kanwa ne, saboda haka tsami ke kashe shi. A ɗiga ruwan khal fari, wato binega, a wurin, za a ga yana 'yar kumfa, a bar shi minti biyu zuwa uku, a goge da tsohon buroshin haƙori. A ɗauraye da ruwa mai tsabta, a bi da sifirit mai ƙarfi, a bar bod ɗin ya kwana biyu a inuwa ya bushe sarai. Sannan a ɗauki mita a bi jijiyoyin ɗaya bayan ɗaya, wadda ta yanke a yi mata gada da siririyar waya. Galibi na kibod ne ke fara yankewa, shi ya sa kwamfutar take tashi amma ta ƙi jin maɓalli.

Malamar lissafi, Madina:
Malam mai gyara, ka sauya filin kokawa. Baba Sakhr ya ambata, kai kuma ka koma PC. Sakhr ba ta da wannan batir, ba ta ma san ƙarfe nawa ba. Kuma kada a manta abin da ta ba yara: ana kunna ta BASIC, yaren rubuta wa kwamfuta umarni, ke tarbar mutum, da wajen kilobait 28 na rubuta shiri. Yaro ya rubuta layi na 10 PRINT da sunansa, layi na 20 GOTO 10, ya ga sunan ya cika allo yana gudu. Daga nan da yawa suka fara fahimtar cewa na'ura umarni take bi. Ga katirij, wato ɗan akwatin shiri da ake soka mata, na Alƙur'ani da na koyon lissafi da haruffa, duk da Larabci, a lokacin da yawancin kwamfutoci sai Turanci.

Injiniya, Riyad:
Hajiya, gyara kaɗan. Maganarki daidai ce a kan ƙarni na farko na MSX, wato tsarin da ASCII ta Japan da Microsoft suka fitar a 1983, wanda AX-170 ke kai. Amma AX-350 da AX-370 MSX2 ne, suna da agogo a ciki, agogo kuma sai da batir. Su ma a buɗe a duba.

Sai maganar Baba. Akwai abin da idonmu ke ɓoye mana. Waɗanda muke gani suna tashi yau su ne suka tsira. Waɗanda suka mutu a 1992 an zubar da su a 1992, ba wanda ya adana su balle ya ƙirga. Kuma ko AX-170 ɗin tana da abin da ke tsufa. Kafasita mai ruwa a ciki bushewa take yi, ƙa'idar da masu ƙera ta ke bayarwa kuwa ita ce duk ƙarin zafi digiri 10 yana raba kwananta biyu. Yanzu a tuna inda ake ajiye irin waɗannan kaya: ɗakin saman bene, a Makka, inda zafin bazara ke haura 45 a waje, balle cikin rufaffen sito. In kafasitar akwatin wuta ta bushe, bol 5 ɗin ba ya fita sumul, hoto ya riƙa rawa, sauti ya yi gurnani, na'urar ta riƙa sake tashi da kanta. In kuma mai daidaita wutar ya lalace ya saki abin da ya fi 5, RAM ce ke fara ƙonewa. Don haka a auna tukuna: tsakanin 4.75 da 5.25 lafiya, abin da ya fita daga nan a kashe nan take.

Ɗalibi a Madina:
Yaya Injiniya, to wanda ya samu PC irin 486 fa, yaya zai auna ba tare da ya sa bod a haɗari ba?

Injiniya, Riyad:
Ƙanena, a zare akwatin wutar daga bod gaba ɗaya. Irin waɗannan ba sa son tashi ba kaya a kansu, sai a rataya musu mataccen faifan ajiya ko ƙwan fitilar mota a layin 5. Jar waya bol 5 ce, rawaya 12, shuɗiya 12 ta ƙasa da sifili, fara 5 ta ƙasa da sifili, baƙa ita ce ƙasa, wato sifili. In duk sun yi daidai, wajen mayarwa ne ake yin babbar asara. Filogi biyu ne, P8 da P9, kuma kowanne yana iya shiga gurbin ɗan'uwansa. Baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya, huɗu a jere. In aka juya su, bod ya tafi. In kuma an kunna fanka ta motsa ta tsaya, a nemi ƙananan kafasitan nan masu kama da ɗigon fenti, rawaya ko ruwan lemo. Idan suka mutu haɗe layi suke yi da ƙasa, mita za ta nuna wanda ya yi hakan.

Kada kuma a ɗora furosesa 486 DX4 a bod ɗin da aka saita wa DX2. Ta farkon bol 3.3 take ci, ta biyun 5.

Dattijon Sharar Mansur, Makka:
Madalla. Amma ku saurari kanku, duk abin da kuka lissafa da khal, da buroshi, da ƙarfen dalma ake maganinsa. Kafasita ta riyal kaɗan. Dalmar da ake liƙi da ita a da tana narkewa a digiri 183, ƙafafun kaya kuma a fili suke, ido na ganinsu. RAM a rami take, a zare a sa wata. Laftof ɗin yau da yawa an manne RAM da ma'ajiya a jikin bod, aisi ɗin ƙafafunsa na ƙarƙashinsa, in abu ɗaya ya mutu duka ake canzawa. Abin da za a iya tayarwa bayan shekara talatin, ni a wurina bai mutu ba.

Mai gyara, Jidda:
Nan kam Baba na sallama maka, gyaruwa suna gyaruwa. Sai dai ƙarko daban, gyaruwa daban. Kuma akwai inda ƙarfen dalma ba ya kaiwa. Faifan ajiya na megabait 40 ko 120 da ya daɗe a kwance, kan karatunsa kan manne da faifan, motar da ke cikinsa ta kasa juya shi. Filofi, wato siririn faifan nan da ake sakawa a zare, a laimar Jidda fumfuna yake yi, in aka sa shi ya shafa wa kan na'urar datti, ya karce faifan da zai biyo baya. Wasu na'urorin filofi da bel na roba suke juyawa, bel ɗin kuwa narkewa yake ya zama kamar kwalta. Na'urar za ta tashi, amma abin da aka rubuta a ciki fa?

A madadin faifan ajiya ana sa katin ajiya na CompactFlash da mahaɗin IDE, wato irin wanda tsohon faifan ke amfani da shi. A kula, BIOS na kafin wajen 1994 ba ya ganin abin da ya wuce megabait 504, wato silinda 1024, kai 16, sashe 63. Kati na megabait 256 ya wadatar, babba wahala kawai zai jawo.

Malamar lissafi, Madina:
A nan ma Sakhr ta fi su sa'a. Katirij ba ya fumfuna, ƙafafunsa 50 kawai za a goge da auduga da sifirit, kuma kada a soka ko a zare shi na'ura na kunne. Kaset ne mai rigima, amma shi ma sauti ne kawai, gudun bit 1200 ko 2400 a sakan. Igiyarsa kai uku: fari na lodi, ja na adanawa, baƙi na tsayar da motar rikoda. In ta rubuta Device I/O error, yawanci ƙarar ce ba ta kai ba ko ta yi yawa, ko kan rikoda ya kauce. Akwai ɗan sukuru a gefen kan, a juya shi a hankali ana sauraro har kukan ya fito siriri tsaf. Duk kaset ɗin da ya karantu, a ɗauki sautinsa a kwamfutar zamani ranar nan, domin ana iya mayar mata da shi daga waya ta farin kan nan.

Ɗalibi a Madina:
Mama, wayoyin yanzu fa ƙararsu ba ta da ƙarfi, wasu ma ba ramin iyafis.

Malamar lissafi, Madina:
Gaskiya ne ɗana. A sa ƙaramar amfilifaya a tsakani, sautin ya zama na layi ɗaya, a kashe duk wani gyaran sauti na wayar, a sa ta a yanayin jirgi don kada kira ya shigo a tsakiyar lodi.

Injiniya, Riyad:
Baba, ni dai ina nan a kan bakana: ba ƙarko aka gina musu ba, sauƙin gini ne ya cece su, sai kuma tsada. IBM PC ta fito a Agustan 1981 a kan dala 1,565, ba monita ba na'urar filofi. Abin da aka saya haka dole a yi masa akwatin ƙarfe mai kauri, dole kuma mai shi ya lulluɓe shi da mayafi in ya gama aiki.

Dattijon Sharar Mansur, Makka:
Injiniya, ko sauƙin gini ne ko tsada, ai dalilin ƙarkon kake faɗa, ba ka kore shi ba. Abu ɗaya na janye: kada kowa ya jona kafin ya karanta bayanta ya auna wuta. Mai 386 ko 486 ko AX-350 a sito kuma, ya hau yau ya cire batir ɗin nan, ko da ba shi da niyyar kunna ta.