Raptor 2018 ko Tundra 2016: giyar ce ke ba ni tsoro

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Mota biyu ke gabana, dillalin ya ba ni zuwa Asabar. Ɗaya Ford F-150 Raptor ce ta 2018, injin 3.5 mai turbo biyu, giya otomatik mai hawa 10, ta ci mil 92,000. Ɗayar Toyota Tundra ta 2016, injin 5.7, giya 6. Raina na kan Raptor, ba zan ɓoye muku ba. Amma da na gwada ta da sassafe kafin ta ɗau zafi, na ji ta ɗan zabura wajen canza giya, kamar an taɓa ni ta baya. Aikina Kaduna zuwa gona a Saminaka sau biyu a mako, da damina kuma ina jan ƙaramar tirela da taki. Hilux ina da ita, don Allah kada a ce in sayi Hilux. Wanda ya taɓa riƙe ɗaya cikinsu, yaya giyar take idan ta kwana biyu?

Sarkin Hanya: Wa alaikumus salam. Alhaji, sayi Hilux manuwal ka huta.

Abu Amatullah: Ɗan'uwa, ni an riga an ɗana mini. Tawa babbar akori-kura ce ta Amurka mai ƙarfin gaske, ba zan kira sunan kamfanin ba don har yau ban san laifin waye ba. Irin wannan zaburar na ji ranar da zan biya kuɗi, dillalin ya ce ai halinsu ke nan. Wata na biyar ina dawowa daga Abuja, daidai Kateri, na taka totur zan wuce tanka, injin ya yi ƙara amma motar ta ƙi gaba. Iyalina na ciki, magariba ta kawo jiki, kun kuma san hanyar. Allah ne ya kawo wani bawan Allah ya ja mu. A gareji da aka kwance farantin ƙasan giyar, man ya fito baƙi ƙirin yana warin ƙauri, mayen ƙarfen da ke ciki ya tara gari kamar an baɗa masa kwalli. Makanikin ya shafa a yatsa ya nuna mini yana ƙyalli, ya ce Alhaji faiba, wato faifan kulocin cikin giyar, ta ƙone. Na sayi giyabos tokumbo naira miliyan 4.2 daga Legas. Wata uku ta daina shiga ribas. Mai kayan ya ce garantinsa kwana bakwai ne. Yanzu motar wata tara tana ƙarƙashin darbejiya a ƙofar gida, yara suna wasan ɓuya a bayanta. Duk safiya sai na gan ta.

Ɗan Panteka: Allah ya mayar da alheri. Amma miliyan 4.2? An yi maka tsada. Wani abokina ya ɗauko mai hawa 10 a kasuwar Ladipo ta Legas miliyan 2.8.

Injiniya Apo: 2.8 a wace shekara? Makon jiya na tambaya, ƙasa da miliyan 5 ba a ko saurare ka. Abin da ake bayarwa a 2.8 wadda aka kwance ce a nan, aka wanke ta da fetur aka fesa mata fenti. Baban Khalifa, ga abin da na sani daga aiki. Giyar Raptor ɗin sunanta 10R80, Ford da General Motors ne suka haɗu suka ƙera ta. Tana tsallake hawa da gangan, daga 1 ta faɗa 3, daga 3 ta faɗa 5, don haka ba kowace zabura ce ciwo ba. Sai dai akwai wani gwangwani a cikinta da ake kira CDF, zoben da ke jikinsa kan zame daga mazauninsa, mai ya riƙa sulalewa, sai canjin giya ya koma duka. Wannan ba a gyara shi da kwamfuta, sai an sauke giyar. Kafin ka biya, a jona mata kwamfuta, a kuma zuƙo man a ɗiga a farar takarda. Ja mai haske ne ko ya koma kalar shayi? Hancinka ma zai gaya maka.

Malam na Houston: Shekara 6 ina tuƙa F-150 mai wannan giyar a nan Texas, ban taɓa buɗe ta ba. Man giyar kawai nake canzawa, Mercon ULV, ba wani ba. Littafin motar ya ce a canza man a mil 150,000, ni ba na bari ta kai rabin haka. Kada a tsorata bawan Allah.

Sarkin Hanya: To ai a 2019 Ford da kansu suka janye motoci kusan miliyan 1.5 saboda giya na faɗawa lamba ɗaya ana cikin gudu.

Malam na Houston: Waccan ta 2011 zuwa 2013 ce, mai hawa 6. Ba ita ake magana ba.

Injiniya Apo: Malam, da girmamawa, kai mota ɗaya ka riƙe, a titin da babu rami, kana da shagon kamfani a bayan gida. Ni abin da ya lalace ake kawo mini. Zo ka tsaya a cunkoson Mararaba, gefen Abuja, cikin Afrilu da azahar ka ga yadda man giya ke tafasa.

Malam na Houston: Shi ya sa kake ganin duk lalatattu ne, Injiniya. Masu lafiya ba sa zuwa wurinka. Zafi kuwa, Texas ma akwai shi.

Abu Amatullah: Ku duka biyun ba ku biya miliyan 4.2 ba. Wanda wuta ta ƙona shi ya san zafinta. Ni ban ma gama ba ku labari ba, daga baya na gano yaron garejin jan mai na galan ya ɗura wa giyar ta biyu, wai ai duk man giya ja ne.

Hajiya Mai Taki: Tundra 2015 gare mu, ita ke kai kaya Giwa da Soba. Giyar kamfanin Aisin ce, man Toyota WS muke sa mata, ba ta taɓa ba mu kunya ba. Ƙarfin doki 381 gare ta, Raptor 450, amma buhun taki bai san bambanci ba. Ta 2016 tana da abin sanyaya man giya, wanda aka cire a ta 2019, ka ga ta dace da mai jan tirela. Aibinta shan fetur.

Ɗan Panteka: Hajiya, tun da aka cire tallafi a 2023, mai injin 5.7 sai ya fara auren 'yar mai gidan mai kafin ya sayi motar.

Sarkin Hanya: Baban Khalifa in ka yi, a gayyace mu ɗaurin aure.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. Injiniya, idan man ya fito da kyau kuma kwamfuta ba ta nuna komai ba, in saya? Kuma ina ake samun ULV na gaskiya a Kaduna?

Ɗan Panteka: Nan fa ake yin ta. Na sayi lita huɗu naira dubu 18 kowace, da na juya robar na ga murfin an liƙe shi da gam.

Injiniya Apo: Dubu 18? Na gaskiya bai sauka a haka ba, ni dubu 30 nake ɗaukowa. Jabun mai ya kashe giya a ƙasar nan fiye da ramukan titi. Robobin da muka juye yara ke bi gareji-gareji suna saye, ka san inda za su. Ni yanzu wuƙa nake sa wa kowace roba kafin in yar.

Hajiya Mai Taki: Ba man giya kaɗai ba. Bara baƙin man da muka sa wa janareton gona, sati biyu ya koma kamar kunu. Har maganin feshi haka ake yi mana, ka fesa ciyawa ta ƙara kore.

Abu Amatullah: Wa ke duba kayan nan kafin su shigo kasuwa ne wai? Ni har rasit gare ni, ban san inda zan kai shi ba.