Daga Damagaram zuwa Yamai da tsibirin Bubon: kwana huɗu za su ishe mu?

Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema.

Mu 'yan adashi ɗaya ne a unguwar Birni. Mun tara kuɗi don mu je Yamai kallon kokowar gargajiya da kiɗe-kiɗe, daga nan mu zarce Bubon, wajen kilomita 25 daga Yamai, mu shiga kwale-kwale zuwa tsibirin, in an dace mu ga dorina. Hutun namu daga Juma'a ne zuwa Litinin, kuma lissafin ya ƙi fita.

Tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne ta Maradi, Konni da Doso. Kar, wato babbar motar fasinja, in ta tashi da asuba sai dare take isa, ke nan zuwa da dawowa sun cinye kwana biyu. Saura Asabar da Lahadi. Matasanmu sun dage sai an kwana a tsibirin, dattawa kuwa sun ce ba su zo duniya don ruwa ya ci su ba, kokowa kawai suke so. Ni dai ina ganin raba tafiyar zai ɓata zumunci. Ga shi kasuwar tukwanen Bubon Laraba take ci, matan sun fara guna-guni.

Wanda ya taɓa zuwa, don Allah: wuni ɗaya ya isa a je tsibirin a dawo kafin magariba? Masu kwale-kwalen suna da rigar hana nutsewa? Shatar mota ta fi, ko mu bi kar? Sannan yaya lafiyar hanyar a yanzu?