Shawarwari Kan Shirya Bikin Al'adun 'Yan Asalin Ƙasa

A wata tattaunawa kan yadda ya kamata a shirya bikin al'adun 'yan asali, wato al'ummomin da ke zaune a ƙasarsu tun kafin zuwan baƙi, abin da mahalarta suka fi jaddadawa shi ne ragamar biki ta kasance a hannun masu al'adar, wato dattawansu su zauna a kwamitin tsare-tsare tun daga farko, ba sai an gama yanke komai sannan a gayyato su don su yi rawa su tafi ba. Sun kafa hujja da Sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙoƙin 'yan asali, wadda sashenta na 31 ya tabbatar musu da ikon kula da gadon al'adunsu da iliminsu na gargajiya. Saboda haka wajibi ne a nemi izini kafin ɗaukar hoto ko bidiyo, domin akwai waƙoƙi da raye-rayen da masu su ke ɗauka da tsarki, kuma da zarar sun hau intanet bakin alƙalami ya bushe.

Batun kuɗi ya ja muhawara, amma rinjaye ya karkata ga biyan makaɗa da masu sana'ar hannu cikakken haƙƙinsu, tare da hana rumfunan da ke sayar da kayan kwaikwayo na masana'anta, wanda a ganina shi ne mafi wuyar aiwatarwa.

Dangane da rana, an ambaci 9 ga Agusta, ranar 'yan asali ta duniya, da 21 ga Yuni da Kanada ta ware, sai dai kalandar al'ummar ce ke gaba. An kuma nemi mai gabatarwa ya fara kowace sanarwa da harshen masu biki kafin tafinta ya biyo baya.