Musayar waƙa: mai zane maroƙi ne ko shaida?

Ɗan Ƙofar Mata:
Salam 'yan uwa, jiya na ga zanen Napoleon na Faransa wanda mai zane David ya yi, sai na karanta ashe alfadari Napoleon ya hau da ya tsallake duwatsun Alps a 1800, wallahi abin ya tsaya min a rai, ga nawa a amsa min

Kun gan shi bisa ingarma yana harbin iska,
Alkyabba na tashi, yatsa na nuna sama,
Alhali alfadari ya hau, ɗan jagora na gaba,
Mai zane maroƙi ne, wanda ya biya shi yake wasawa.

'Yar Damagaram:
Haba yaya kar ka yi musu kuɗin goro mana

Je Madrid ka dubi aikin Goya, mai zanen Sifaniya,
Uku ga Mayun 1808, dare, fitila a ƙasa,
Mai farar riga ya ɗaga hannu, ko sanda babu a wurinsa,
Sojan Napoleon sun jera bindiga, ba ka ganin fuska,
To wane sarki aka wasa nan, faɗa min yaya?

Ɗan Ƙofar Mata:
Ƙanwata zanen ya taɓa ni, ban musa ba,
Amma sai 1814 ya zana, Faransawa sun bar ƙasa,
Kuma gwamnati ya roƙa ta ba shi kuɗin aikinsa.

Baba na Zango:
Yara ku matsa in sa baki, ni Guernica, zanen Picasso kan garin Sifaniya da aka yi wa ruwan bam a yaƙin basasa, ce ke sa ni hawaye har yau

Ranar 26 ga Afrilun 1937, Litinin ta kasuwa,
Jiragen Jamus da Italiya suka yi ruwan wuta,
Mutanen Franco, jagoran sojan tawaye, suka ce abokan gabarsu ne suka cinna,
Picasso ya ɗau baƙi da fari da ruwan toka,
Ya zana uwa da gawar ɗanta, baki buɗe sama,
Doki na kururuwa, mace cikin gobara,
Ya ce kar a kai zanen Sifaniya sai 'yanci ya koma,
Zanen ya zauna New York, sai 1981 ya isa gida.

Ɗan Ƙofar Mata:
Baba ranka ya daɗe, shi ma gwamnatin jamhuriyar Sifaniya ce ta sa shi aikin fa

'Yar Damagaram:
An sa shi, yaya, na yarda da wannan magana,
Amma dokin Napoleon David ya ƙirƙira,
Bam ɗin Guernica kuwa ya sauka kan mata da yara,
Ni uwar nan nake gani duk na goya ɗana.