Shin na'urar iskar hiliyom tana rage wa mace ƙiba?

Hajiya, unguwar Nima, Accra: Salamu alaikum. Maganar da ke yawo a gidajen biki a Accra ita ce wai na'urar nan ta iskar hiliyom, Renuvion, tana narkar da kitse, mace ta rage nauyi ba tare da ta canza abincinta ba. Masana, ku warware mana.

Likitan tiyata: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba aikinta ba ne. Ana huda fata kaɗan, a zura siririn bututu a ƙarƙashinta. Wutar lantarki ce ke mai da iskar hiliyom ta zama filasma, wato iska mai ɗauke da lantarki, ita kuma ta ɗumama zaren da ke riƙe fata da nama zuwa wajen digiri 85 a ma'aunin Salsiyos na ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sai zaren ya tsuke. Ɗaure fata take yi. Tsukewar kan ɗauki wata shida zuwa tara kafin ta gama bayyana, sikeli kuwa ba ruwansa.

Ma'aikaciyar jinya, unguwar Maamobi, Accra: Dakta, ban yarda gaba ɗaya ba. Galibi tare da zuƙe kitse ake yin ta, kuma a 2023 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da ita bayan zuƙe kitse. Litar kitse ta kai gram 900. In an cire lita uku, ai an rage kusan kilo uku, kuma ganin canjin yana ƙarfafa wa mace gwiwa.

Likitan tiyata: Sista, bututun zuƙa ne ya cire wannan, ba hiliyom ba. Kuma abin da ke cikin kwalbar ba kitse zalla ba ne, akwai ruwan gishirin da aka ɗura da ɗan jini. Shi ya sa a makon farko nauyi kan ƙaru saboda kumburi. Wuce lita biyar kuma babban aiki ne, sai an kwantar da ita ana sa ido.

Masaniyar abinci: Ko kilo ukun ma ba su zama. A 2011 masu bincike a Jami'ar Kolorado sun bi matan da aka zuƙe wa kitsen cinya: cikin shekara ɗaya kitsen jikinsu ya dawo, amma ya fi taruwa a ciki. A 2004 kuma an cire wa wasu mata masu ƙiba kusan kilo 10 na kitsen ƙarƙashin fata, amma sukari da hawan jini ba su gyaru ba. Dalili, kitsen da ke jawo ciwon sukari yana can kewaye da hanji, inda bututu ba ya kaiwa. Wannan ne ke damuna, domin shi ne ke ƙaruwa wa mace bayan daina al'ada. Yaya, ki ɗauki tef ɗin tela ki auna ƙugu tsakanin haƙarƙari da ƙashin kwankwaso. In ya kai santimita 80 a fara lura, 88 kuwa haɗarin ya yi yawa.

Hajiya, Nima: To wadda ta haihu, ciki ya saki fa?

Likitan tiyata: A duba tukuna. In naman ciki ne ya rabu daga tsakiya, sai motsa jiki na musamman ko ɗinki, zafi ba ya haɗa shi. In fatar ta zubo sosai, yanka ta ake yi. Na'urar ta dace da sakin fata kaɗan ko matsakaici, ga wadda nauyinta ya tsaya wuri ɗaya aƙalla wata shida kuma ba ta shirin wani ciki nan kusa. In ta rame bayan aikin fatar ta sake saki, in ta ƙara ta sake miƙewa.

Ma'aikaciyar jinya, Maamobi: A nan mun haɗu. Amma a faɗi haɗarin, don a Maris 2022 ita FDA ɗin ta fitar da gargaɗi a kanta. Iskar na shiga lita ɗaya da rabi zuwa uku a minti, dole a bar mata ƙofofin fita. In ba a bari ba takan taru a ƙarƙashin fata, ki taɓa ki ji ƙaras-ƙaras, wani lokaci ta kai ƙirji ko jijiyar jini. In an maimaita wuri ɗaya da yawa, ƙuna ce. Ga mu baƙaƙen fata, ƙuna na barin tabo mai duhu ko mai tudu. Amincewar da aka ba ta ta goge tamoji a saman fata ma ta masu hasken fata ce kawai.

Masaniyar abinci: Kafin a kai ga tiyata a nemo abin da ya kawo ƙibar. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku kan ƙara wa wasu nauyi, haka maganin ƙara ƙiba irin Apetamin da deksametason da ake sha ba izinin likita. A gwada sukari da maƙoƙo. Sannan a rage sukarin koko da yawan shinkafar waakye, a yi tafiya mai sauri minti 150 a mako.

Likitan tiyata: Wadda ta yanke shawarar yi, Hajiya, ta tabbatar likitan yana da rajista da Majalisar Likitoci ta Gana, asibitin yana da lasisin HeFRA, hukumar da ke kula da asibitoci a Gana, kuma akwai likitan sa barci a ɗakin. Ta tambayi ramuka nawa za a bari don fitar iska, ta kuma shirya sa rigar matsi mako huɗu zuwa shida.