Wa Ya Haifi Sarauta, Kogi Ko Rumbu?

Mai Jigo:
Salamu alaikum. Jiya ina ban ruwa a lambu na tuna cewa irin jigon nan Misirawa suka ja a bakin Nilu fiye da shekara 3,000 da suka wuce. Ga baitocina, mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Na fara da sunan Allah Rabbana,
Tambaya gare ni gun malumana,
Kogin Nilu ne ya tsaya a raina,
Shi ke cika ya malale filin gona,
Ya bar baƙar laka in ya janye ruwa.

Ba su duban sama, ba su jiran hadari,
Daga duwatsun Habasha yake isowa gari,
In ya ja da baya sai su watsa iri,
Alkama da sha'ir su tsiro bisa tsari,
A ci a ƙoshi, a sami na ajiyewa.

Amma ambaliya takan share iyaka,
Gonata ta shige cikin taka,
Wa zai raba mu kafin a kai ga duka?
Sai mai igiya ya zo ya auna laka,
Ni na ce sarauta ɗiya ce ta ruwa.

Almajirin Tarihi:
Wa alaikumus salam, Baba.

Na ji batunka, Baba, na rusuna,
Amma taho mu je birnin Uruk a Iraƙi mu zauna,
Tsakanin Dijla da Furat, ƙasar rana,
Can kogi ba ya shayar maka da gona,
Sai ka haƙa magudana ka jawo ruwa.

Cikarsa kan zo ana shirin girbi,
In an yi sake sai ya kwashe rabi,
Dole gari ya sami wanda za a bi,
Ɗakin bautarsu shi ne ya karɓi
Sha'ir, yana auna wa ma'aikata, yana rabawa.

Mai tsaron ƙofa ya ɗau ɗanyen yumɓu,
Ya sa kara ya zana abin da ke rumbu,
Tumaki kaza, sha'ir kaza mudu,
Daga lissafin nan aka haifi rubutu,
Rumbu ya naɗa sarki kafin ruwa.

Allunan farko na Uruk, na wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), akasarinsu lissafin kaya ne.

Mai Jigo:
Ɗana, rumbun nan wa ya cika shi?
Tare kogi shekara guda ka leƙa shi,
Ɓera ma sai ya fito yana hamma da yunwa.

Alƙalin Zaure:
Ku dakata, Baba da kai ƙanena,
Biranen Umma da Lagash sun daɗe kan gona,
Suna yaƙi, suna yi wa juna ɓarna,
Kaka ya bar wa jika gaba mai ƙuna,
Umma ce a sama, ita ke tare ruwa.

Hammurabi na Babila ya sa an sassaƙa
Dokarsa a dutse, ga ɗaya in miƙa:
Wanda ya bar madatsar da ya haƙa
Ta ɓalle har gonakin jama'a suka jiƙa,
Hatsin da ya ruɓe, shi ke biyan kowa.

Doka ta 53 ke nan cikin 282, wajen shekara ta 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ta 54 ta fi zafi: in ba shi da hatsin biya, a sayar da shi da kayansa a raba wa manoman. Duk wanda ya taɓa kwana a fadama yana gadin ruwansa zai gane dalilin tsananin, ko da bai yarda da shi ba. Ina bayan Baba.

'Yar Kasuwa:
Baba da yayyena, kun cika zaure da sarakai,
Kun manta fatake masu kora jakai,
Sumer, ƙasar su Uruk, yumɓu ce da kara kawai,
Ba katakon gini, ba ma'adinai,
Da ulu da hatsi suke musanyawa.

Jan ƙarfe daga Magan, Oman ta yau,
Dilmun, wato Baharain, nan jirgi kan ɗau
Tsakiyar Meluhha, ƙasar kogin Indus, jan dutse mai kyau,
Wanda matan Ur ke ratayawa.

A birnin Ur an tono wata wasiƙa,
Nanni ne ya aiko, ransa ya shaƙa,
Wai Ea-nasir mugun ƙarfe ya miƙa,
Ya kuma wulaƙanta yaron da ya aika,
Algus ya daɗe da sanin hanyar kasuwa.

To ku je Mohenjo-daro a Pakistan ku sha kallo,
Bakin kogin Indus, bisa tudu ta ɓullo.
Tubali ƙonanne bisa awo ɗaya,
Kwata a rufe tana bin gefen hanya,
Duwatsun awo ba mai yi musu ƙarya,
Ba a shaida fadar sarki ba ko ɗaya,
Ina sarkin da kuke ta yabawa?

Almajirin Tarihi:
Yaya, kin kama mu, ba na musu,
Amma har yau ba a karanta rubutunsu,
Hatimansu na nan da sa mai ƙaho a kansu,
Wani ya sa a yashe kwatocin garinsu,
Ko sarki, ko dattawa, wani ke tsawatawa.

Mai Jigo:
'Yata, Allah ya yi miki albarka,
Kin sa na sake duba abin da na shuka,
Saura kibiya guda cikin jaka,
A ƙasar Sin, inda kogi ke rawaya don laka,
Suna da labarin Yu mai yaƙi da ruwa.

Shekara 13, in ji masu labari,
Yana yasar kwari, yana buɗe mashigar gari,
Sau uku ya wuce ƙofarsa da sauri,
Bai shiga ba, ɗansa na kuka jariri,
Da ruwa ya kwanta, shi aka bai wa sarauta, ba kowa.

Ɗana, ka amsa min wannan. Da asuba nake da layin ruwa, albasata na jira, sai bayan azahar zan leƙo.