Na tsaya wa ƙanena a rancen gida, ta yaya zan zare hannuna?

Baban Hafsa: Salamu alaikum. Ƙanena ya karɓi rancen banki ya sayi gida a Arkilla, ni na sa hannu na tsaya masa. Yanzu biyan nasa na tangal-tangal. Akwai hanyar cire sunana?

Malam Bello: Wa alaikumus salam. Alhaji, ba ka iya fita don kanka, sai banki ya yarda a rubuce. Fara neman kwafin yarjejeniyar da takardar sauran bashi. Duba ko mai lamuni ne kai, wato wanda ya tsaya wa mai bashi, ko abokin cin bashi. In na biyun ne, banki na iya bin ka duka kuɗin, ba rabi ba. Sannan ƙanenka ya kawo wani mai lamuni da albashinsa ya gamsar da banki, ko ya sake rancen da sunansa kaɗai. Amma mai bashin watanni a kansa da wuya su saurare shi, don haka a fara cike giɓin.

Hajiya Luba: In hakan ya faskara, a sayar da gidan tun banki bai yi gwanjonsa ba, don gwanjo ba ya kawo daraja. Takardar mallaka tana hannun banki, kuma Dokar Filaye ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a canza mai gida.

Malam Bello: Yarjejeniyar cikin gida gaban dattawa ba ta ɗaure banki, Alhaji. Ka karɓi takardar sallama mai hatimi, lauya ya duba ta.